Jan Kek Ba Da Yawan Kala Ake Samunsa Ba



Duk mai yin kek a gida a garin Sakkwato ta san cewa a cikin launuka babu mai ba da wahala kamar ja. Shuɗi ɗigo biyu ya ishe shi, kore ma haka, ruwan hoda kuwa ko ba a gayyace shi ba yana zuwa. Amma ranar da amarya ta turo hoto ta ce kek ɗin kamunta ja wur take so don ya dace da leshin anko, ranar ake gane gwana. A zuba kala a juya, aisin ya fito ruwan hoda. A ƙara, ya koma ruwan goro. A sake ƙarawa, ya saki ya yi ruwa, ga ɗaci a harshe, ga baƙi sun tashi daga walima da jan haƙori. A daidai nan ne wasu ke ajiye kwalbar kala mai suna da lamba, su nufi kasuwa su sayo jar hodar da ake ƙullawa a leda, wadda ba ta da suna balle kamfani, saboda an ce musu tana da ƙarfi ga araha.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Ja mai zurfi sanin aiki da ba shi lokaci ke kawo shi. Duk jan da ba zai samu ba sai da hodar da ba a san asalinta ba, gara mai kek ta buɗe baki ta ce wa mai oda ba zai yiwu ba, ko da kuwa cinikin zai kuɓuce mata. Ga dalilaina.

Mu fara da abin da ke hana jan kamawa. Aisin shuga fari ne fat, kuma kowane yaro ɗan firamare ya san ja a kan fari ruwan hoda yake bayarwa. Botar da yawancinmu ke amfani da ita, ta leda ko ta bokiti, rawaya ce, ja kuwa idan ya hau rawaya ruwan lemo yake komawa. Sannan duk tsawon lokacin da miksa ke bugawa iska take curawa cikin haɗin, ƙananan kumfan nan kuma suna ƙara masa haske. Wato kafin ɗigon kala ya sauka, abubuwa uku sun riga sun tsaya masa a gaba. Idan kalar ta ruwa ce, irin ta ƙaramar kwalba, mafi yawanta ruwa ne, launin da ke ciki kaɗan ne. Kafin ki zuba adadin da zai rinjayi farin, kin cika haɗin da ruwa, ruwa da mai kuwa ba sa shiri, sai ki ga aisin ya tsinke. Ga kuma zafinmu na Sakkwato. Bota tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu wuce digiri 40 ba labari ba ne a wurinmu. Aisin da ya riga ya sha ruwa ba zai tsaya a jikin kek ba a irin wannan rana.

Maganin farko, a bar kalar ruwa a koma ta jel, mai kauri kamar man goge baki. Launinta a tattare yake, kaɗan ke aiki, kuma ba ta jiƙa haɗi. Da tsinken sakace ake ɗibarta, a juya, a duba, sannan a ƙara.

Na biyu, kada a fara daga fari. A haɗin da aka saba, wato bota giram 250 da aisin shuga giram 500, a tankaɗe cokalin shayi ɗaya ko biyu na hodar koko ta cakulan a ciki tun kafin a taɓa kala. Haɗin zai yi ruwan ƙasa mai haske, kuma tafiya daga ruwan ƙasa zuwa ja ta fi kusa da tafiya daga fari. Ɗanɗanon cakulan ɗin ma yana rufe ɗacin kala. Idan ja mai haske ake so ba mai duhu ba, a nemi farar bota, ko a kashe rawayar da abin da bai kai kan tsinke ba na kalar shunayya, a fara kai haɗin ruwan hoda mai ƙarfi, sannan a ɗora ja.

Na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma ba ya cin ko sisi. Kalar abinci a ruwa take narkewa, ruwan da ke cikin aisin kuwa ɗan kaɗan ne, don haka tana bukatar sa'o'i kafin ta bazu ko'ina. Aisin da kika rufe da dare yana ja mai hasken tumatir, da safe za ki buɗe ki tarar ya yi zurfi. Ki tsaya da zuba kala tun jan bai kai yadda kike so ba, ki rufe shi ruf, ki sa a firij, idan wuta ba tabbas ki sa a kula da ƙanƙara, ki bar shi ya kwana. Mafi yawan ɗacin da ake kuka da shi daga gaggawa yake fitowa, domin mai kek tana neman ganin launin gobe a yau, sai ta zuba ninkin abin da ake bukata.

Idan lokaci ya ƙure akwai wata dabara. A ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin a kwano, a ɗora kwanon a kan ruwan ɗumi har ya fara narkewa, a zuba kalar a nan a juya. Ɗumin yana narkar da launin, yana kuma korar kumfan da ke sa haske. Sai a mayar cikin sauran, a juya da muciya ko cokali a hankali, ban da miksa, a bar shi ya huce. Abu na ƙarshe, ba dole ne dukkan aisin ya zama ja ba. Abin da ke tsakanin faifan kek da shafen farko su kasance farare, jan ya zama siririn mayafi a waje kawai. Ido zai ga abin da yake so, ciki kuma ba zai ɗauki ko rabin kalar ba.

To, in dai hanya tana nan, me ke kai mutane ga hodar leda? Kuɗi da matsin mai oda. Jel mai kyau daga waje ake shigo da ita, farashinta kuma yana bin canji. Wadda ke yin kek a Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo da ƙaramin jari, tana lissafin fulawa da ƙwai da gas, ba abin mamaki ba ne idan ƙullin hoda ya ja hankalinta. Mai oda kuma ta zo mata da hoton da aka ɗauka a hasken situdiyo, aka kuma ƙara masa launi a waya kafin a ɗora a Instagram, ta ce da yamma take so. Na fahimci wannan matsi sarai. Sai dai araha ba ta ado, a nan kuwa abin da za a biya ya wuce ado.

Jajayen kalolin abinci ba iri ɗaya ba ne, ko da ido ya gan su iri ɗaya. Akwai wadda ake kira Allura Red, lambarta E129, Amurkawa na ce mata Red 40. Masana a Turai da na Majalisar Ɗinkin Duniya sun sa iyakar abin da mutum zai ci a rana a kan miligiram 7 ga kowane kilo na nauyin jikinsa. Akwai kuma Erythrosine, lambarta E127, wato Red 3, ita iyakarta miligiram 0.1 ce ga kowane kilo. Mu ɗauki yaro mai kilo 15. Ta farko zai iya cin miligiram 105 a rana, ta biyu miligiram 1.5 kacal. Tazarar ninki 70 ke nan tsakanin hodoji biyu da dukkansu jajaye ne a cikin leda. Idan babu rubutu a jiki, da me mai kek za ta gane wadda ke hannunta?

Ita Red 3 ɗin nan, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa ta a kayan kwalliya tun 1990, sannan a ranar 15 ga Janairun 2025 ta janye izinin sa ta a abinci, ta ba kamfanoni zuwa Janairun 2027 su daina. Dalili shi ne ta jawo ciwon daji a maƙoshin ɓerayen gwaji da aka ɗura wa ita da yawa. Don adalci, hukumar da kanta ta ce hanyar da cutar ta bi a jikin ɓera ba ta aiki haka a jikin ɗan Adam, dokar ƙasarsu ce ta hana sa duk abin da ya jawo daji ga dabba a abincin mutane. A Tarayyar Turai kuma, bayan wani bincike na Jami'ar Southampton da aka buga a 2007, tun 2010 doka ta tilasta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da wasu kaloli shida, cewa suna iya shafar natsuwar yara. Uku daga cikinsu jajaye ne: E122 da E124 da E129. Waɗannan fa su ne halastattun, waɗanda aka gwada aka san iyakarsu.

Abin tsoron na gaske shi ne rinin da ba a yi shi don ci ba kwata-kwata. Akwai dangin rini da ake kira Sudan, na masana'antu ne, da shi ake rina man takalmi da fetur da makamantansu, ja ne zir kuma yana narkewa cikin mai. A 2005 sai da aka kwashe kayan abinci iri fiye da 500 daga shagunan Ingila saboda an samu Sudan a garin barkonon da ya shiga cikinsu. A 2015 hukumar abinci ta Gana ta gano shi a cikin manjan da ake sayarwa a kasuwannin Akara. A nan gida ma NAFDAC ta yi gargaɗi a kan manjan da ake ƙara wa ja da irin wannan rini. Ba ina nufin kowane ƙullin hoda a kasuwa Sudan ba ne. Abin da nake nufi shi ne ƙullin da ba shi da suna ba zai iya rantse miki cewa shi ba galurar rinin tabarma ko ta fata ba ce, kuma mai sayarwar ma sau da yawa daga wani ya saro a buhu. Tunda an iya yi wa manjan miya haka, me zai sa mu ɗauka an bar hodar kek?

Za a ce mini, ai tun muna yara muke shan alawa mai kala da ƙanƙarar leda, ga mu nan lafiya lau. Gaskiya ne ba wanda ya faɗi ya mutu don ya ci yankan kek ɗaya. Amma irin wannan abu tarawa yake yi, ba ya nuna kansa a rana ɗaya. Yaron yau a wurin suna guda zai ci kek, ya sha lemon kwalba, ya tsotsi alawa, ya ƙara da askirim, kowanne da tasa kalar, gobe kuma a makaranta a maimaita. Mu da muka taso, kek ba ya zuwa gida sai da babban dalili. Yanzu kowane wata akwai zagayowar ranar haihuwa ko saukar karatu ko walimar kammala makaranta. Jiki ƙarami, ci ya ƙaru, don haka lissafin jiya ba zai yi wa yau aiki ba.

Akwai kuma batun halacci, wanda Bahaushe ba ya wasa da shi. Wata jar kala mai lamba E120, da ake kira karmin, daga jikin wani ɗan ƙwaro ake tatso ta, ana kiwonsa a kan wata shuka mai ƙaya, ƙasar Peru ce kan gaba wajen samar da shi. Sai an tara ƙwari kimanin 70,000 kafin a samu abin da bai kai rabin kilo ba. Malamai sun yi saɓani a kan cinta, wasu sun halatta, wasu sun hana. Ko wane ɓangare mutum ya bi, haƙƙinsa ne ya san abin da ke cikin abincinsa, kuma rubutun jikin kwalba ne kaɗai zai gaya masa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan lamari shi ne garin da muke magana a kansa. Sakkwato gari ne da duniya ta san shi da ja. Fatar jar akuyarmu, wadda majema suka jeme dukawa suka rina, ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, ana rufe manyan littattafai da ita. Da me aka rina ta? Da karan dafi, wato jan kuben wata irin dawa, a daka a jiƙa da ruwan toka ko kanwa. Kuma karan dafi abin ci ne. A Gana da shi ake dafa shinkafa da waken nan da suke kira waakye, sunan da ya fito daga kalmarmu ta wake, shi ke ba ta jan launinta. A Jamhuriyar Benin da ruwansa ake rina cukun Fulani da ake kira wagashi. Mutanen da kakanninsu suka rina wa Turai fata, yau su ne ke tsaye a gaban ƙullin hoda suna tambayar ko tana da ƙarfi.

Ga kuma zoɓo, soɓorodon da ba a rasa shi a Tsohuwar Kasuwa ko Kasuwar Daji, furen suren da muke kwaɗawa. Buhu-buhu ake fitar da shi daga Jigawa da Kano da Katsina, ƙasar Meziko na cikin manyan masu saye. Yadda ake sa shi a kek ba wuya. A wanke cikin gwangwani ɗaya na busasshen zoɓo mai duhu don fitar da ƙasa, a tafasa da kofi biyu na ruwa, a tace da ƙyalle mai tsabta, a mayar kan wuta kaɗan-kaɗan har ya tsotse ya rage cokali uku ko huɗu masu kauri. Idan ya huce a kwaɓa aisin shuga da shi ba tare da bota ba, a kwarara a kan kek, zai bushe da sheƙi. Idan haɗin bota ne, garin zoɓon ya fi, a niƙa shi ya yi laushi a tankaɗe da ƙyalle. Launin zoɓo da tsami yake tafiya. Ɗigon lemon tsami yana ƙara masa haske, kanwa ko bekin soda kuwa suna mayar da shi baƙi-baƙi, abin da duk mai dafa zoɓon sayarwa ta sani. Tsaminsa kuma yana karya zaƙin aisin da ke gundurar manya.

Ba zan yaudari kowa ba, zoɓo ba zai ba da jan wuta irin na hoton Instagram ba. Nasa jan mai zurfi ne da ke karkata zuwa shunayya, a cikin bota kuma ya fi yin haske. Amma wa ya yanke hukuncin cewa jan kwalba ne kaɗai ja? Bahaushe yana da ja wur, yana da ja zir, yana da jan garwashi da jan goro da jan lalle da makuba. Mai kek da ta iya cewa kek ɗina ruwan zoɓo ne, babu kalar kanti a ciki, ta samu abin tallan da maƙwabciyarta ba ta da shi, kuma akwai iyaye da yawa da za su ƙara kuɗi a kan haka. Shi kuwa karan dafi, aikin da ya rage na masu bincike ne. Ɗalibin kimiyya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Umaru Ali Shinkafi da ke neman abin da zai yi aikin kammalawa a kai, ga shi a ƙofar gida: yadda za a tace jan karan dafi ya zama tsabtatacciyar kalar abinci mai ma'auni, wadda za a sa a kwalba a rubuta mata suna.

Mu ma da ke wannan zaure muna da namu kaso. Da yawa daga cikinmu, musamman 'yan uwa mata, muna rubuta girke-girke a shafukanmu da zaurukan WhatsApp, wasu har a tsakiyar labari sukan tsaya su koya wa mai karatu haɗin kek. Jimlar da aka fi gani ita ce, sai ki zuba kala ja ki juya. Wace kala? Nawa? A jira zuwa yaushe? Yarinyar da ke karantawa a Gidan Igwai ko Minannata za ta yi abin da aka rubuta mata ne, idan bai yi ja ba ta ƙara, idan ya ƙi ta tafi kasuwa. Layi biyu da za a ƙara, a ce jel mai lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, a ce a bar shi ya kwana, sun isa su tsare ta daga wannan.

Ke kuma mai oda, kaso mafi girma naki ne, domin ke ce mai kuɗin. Idan jan kek kike so, ki ba da oda kwana biyu kafin ranar, ki yarda da farashin kala mai kyau, kuma kada ki ji nauyin tambaya: 'Yar uwa, da me kika yi jan nan? Mai kek ta gaskiya za ta ɗauko kwalbar ta nuna miki har da lambar da ke jiki. Wadda ta fara kame-kame, ki ce ta yi miki fari da jajayen furanni a gefe, waɗanda za a iya cirewa kafin a yanka wa yara.

Allah Ya sa wa sana'ar kowa albarka, Ya tsare mana zuri'a.